Yadda ake kai tsohon koke Majalisar Tarayya, daga bakin wanda ya sha hanyar Akwanga

Bayan gidanmu, a wani tsohon barikin 'yan kuza da ke kudancin Jos, akwai kududdufi. Ba tafkin Allah ba ne. Rami ne da wani kamfanin Turawa ya haƙa, ya kwashe kuzarsa, ya tafi ya bar mana. Ruwansa kore shar, gaɓarsa a miƙe kamar an yanka da wuƙa, taku biyu ka wuce tsayin mutum. Tun muna yara ake ja mana kunne a kansa, duk da haka ya ci yaran da na sani da sunansu da sunan iyayensu.

Kakana diban gwamna ne ya kawo shi Filato. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da Japan ta ƙwace Malaya, Ingila ta rasa inda take samun kuza, sai daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa ɗebo ƙarti daga lardunan Arewa ana kawo su aikin tilas a kan wannan dutse mai sanyi. Ƙasar da aka sa su tonawa kuwa gonakin Birom ce. Da kasuwar kuza ta duniya ta karye a 1985, abin da ya rage na harkar ya watse, aka bar jikokin masu gona da jikokin lebura suna zaune a bakin rami ɗaya.

Ni malamin firamare ne mai ritaya, kuma ni ne sakataren kwamitin da unguwarmu ta kafa a kan wannan kududdufi. Na yi shekaru ina jigila tsakanin Jos da Abuja da fayil a hammata. Yanzu mutane kan kira ni, wasu a kan fili, wasu a kan haƙƙin iyayensu da aka danne tun zamanin soja, suna tambaya ta ina ake farawa. Ga abin da nake faɗa musu.

Fara da tambayar kanka me ya sa majalisa, ba kotu ba. Amsar ita ce tsohon zalunci yakan tarar da ƙofar kotu a rufe. Akwai dokar kare jami'an gwamnati da ta ce a yawancin lamura wata uku gare ka ka shigar da ƙara. Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975, ita ma dokarta ta ce ba ta duba abin da ya wuce wata goma sha biyu kafin a kai mata. To, mai kukan shekara hamsin fa? Majalisa ba ta da wannan shinge. Sashe na 88 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ta ikon bincike, sashe na 89 ya ba ta ikon kiran kowa ya zo ya yi bayani ko ya kawo takardu, har da ba da sammacin kamo wanda ya ƙi zuwa. Amma ka riƙe wannan tun yanzu: majalisa ba kotu ba ce, ba ta yanke hukunci. Kuma idan maganarku tana gaban alƙali, ba za su taɓa ta ba. Dole ku zaɓi ɗaya.

Sai tambaya ta biyu: maganar ta wace majalisa ce? Mu wata shida muka ɓata muna rubuta wa nan gida Jos, kafin wani lauya ɗan unguwarmu ya zaunar da ni ya ce, "Baba, ma'adinai ba na jiha ba ne." Ya buɗe mini sashe na 44, inda aka ce duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne, kuma haƙar ma'adinai tana cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Haka soja, 'yan sanda, fanshon ma'aikatan tarayya. Rikicin fili na yau da kullum kuwa, bisa dokar amfani da ƙasa ta 1978, yana hannun gwamna, sai dai a Abuja, inda ƙasar duka ta Gwamnatin Tarayya ce. Ka tantance wannan kafin ka sayi tikitin mota.

Abin da ya fi cin lokacinmu, kuma wanda na fi so ka ji, shi ne haɗa kan gida. A zamanmu na farko kokenmu biyu ne, kuma suna kallon juna a karkace. Dattawan Birom suna cewa gonakin kakanninsu aka lalata, su ne masu haƙƙi. Mu muna cewa kakanninmu aka ɗebo da ƙarfi, wasu suka mutu da sanyi da yunwa, ba wanda ya biya su. Kowa gaskiya gare shi. Amma wanda ya san Jos ya san inda irin wannan magana take zarcewa, mun ga rikicin 2001, mun ga na 2008, mun ga na 2010. Wani dattijo da muke kira Da, tsohon direban katafila, shi ya kashe gardamar. Ya ce, "Malam, ramin nan da ya ci yara, ya tambaye su coci ko masallaci?" Daga ranar muka yarda za mu tafi da takarda ɗaya, shugaba daga wancan ɓangare, sakatare daga wannan, ma'aji mace.

Ba don zumunci kaɗai nake wannan magana ba, dabara ce. Ranar da takardarku ta isa Abuja, idan wani ɓangare na garinku ya aika tasa yana ƙaryata ku, shi ke nan. Ɗan siyasa ba ya sa hannu a inda zai ɓata wa rabin masu zaɓensa. Zai ce ku koma ku sasanta, kuma ba za ka ga laifinsa ba. Ku yi faɗanku a gida ku gama, ku sa mai unguwa da dagaci da limami da fasto su sa hannu, waɗanda ba su iya rubutu ba su dangwala.

Daga nan sai hujja. "Kowa ya sani" ba hujja ba ce a Abuja, don a can ba wanda ya sani. Ku nemi takarda. Ni sai da na kwana uku a Kaduna, ina zuwa Gidan Adana Tarihi na Ƙasa, inda tsofaffin fayilolin lardin Filato suke. Takardun sun yi ja, suna karyewa a hannu kamar ƙosai busasshe, amma a ciki na ga taswirar da ta nuna iyakar filin da aka ba kamfanin. Na biya aka yi mini kwafi aka buga hatimi. Hatimin nan ka kula da shi, kwafi marar hatimi takardar tsire ce. Idan takardar da kuke so tana hannun wata ma'aikata, ku rubuta ku nema a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba su kwana bakwai su amsa. Ko sun yi shiru, kwafin wasiƙarku mai ɗauke da tambarin "an karɓa" ya zama shaida cewa kun bi hanya. Ku ɗauki hoto da kwanan wata. Ku zauna da tsofaffi ku naɗi muryarsu tun suna nan. Mutum biyu da suka ga haƙar ramin nan da idonsu sun rasu kafin mu samu ranar zama, da ba mu naɗa ba da sun tafi da labarin.

Yanzu rubutun kansa. Nan na yi kuskuren da har yau ake tsokanata da shi. Takardata ta farko shafi arba'in da uku ce. Na faro daga zuwan Turawa, na bi ta kan haɗe Kudu da Arewa a 1914, na kawo ayoyi, na kawo karin magana. Na kai wa mataimakin wani ɗan majalisa, yaro ne da bai wuce sa'ar ɗana na biyu ba. Ya juya shafi uku, ya leƙa na ƙarshe, ya ɗago ya ce, "Baba, don Allah a taƙaice me kuke so a yi?" Na buɗe baki na rasa jimla ɗaya. Na dawo ta Hawan Kibo ina jin kunyar kaina.

Takardar koke shafi biyu ce, in ta yi yawa uku. Su wane ne ku. Me aka yi, yaushe, a ina. Wace hukuma ce abin ya rataya a wuyanta yau, ba wadda ta mutu ba. Ina da ina kuka kai kuka a baya. Sannan roƙo, wanda shi ne ran takardar. Sauran tarihi da taswira da hotuna ku liƙa su a baya. A rubuta da ladabi, ba zagi, ba kiran wani ɓarawo, don takarda mai zagi ba ta shiga zaure. Da Turanci ake miƙawa. Sashe na 55 ya ce ana iya gudanar da aikin majalisa da Hausa da Ibo da Yarabanci idan an yi tanadin haka, to amma a aikace Turanci ne. Shawarata ku fara rubutawa da harshen da jama'arku ke ji, a karanta a bainar jama'a, kowa ya ce ya yarda, sannan a juya. Kada sakatare ya kai abin da mutanensa ba su san yana ciki ba.

Roƙon nan ya zama abin da za a iya aunawa. "A yi mana adalci" ba roƙo ba ne, addu'a ce. Mu uku muka rubuta: kwamiti ya zo ya gani da ido, a umurci hukumar da abin ya shafa ta katange ramin ta cike gefen da ke kallon makaranta, kuma a sa kuɗin aikin a kasafin shekara mai zuwa. Maganar diyyar kakanninmu muka ajiye ta cikin tarihin da muka liƙa, ba mu sa ta a roƙo ba. Wannan ya yi mini ciwo, don ni abin da ya fara tayar da ni ke nan. Kawuna ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwata. Har yanzu ina ganin daidai muka yi: wanda ya nemi a biya shi bashin shekara tamanin a zama ɗaya, za a tausaya masa a sallame shi.

Talaka ba ya miƙa koke a zaure da kansa, sai ta hannun ɗan majalisa. Sanatoci 109 ne, wakilai 360. Filato tana da sanata uku da wakilai takwas. Bisa al'ada za ka fara da na mazaɓarka, ko wakili ko sanata, kuma kowane zaure yana da kwamitinsa na koke-koken jama'a. Ba a biyan ko kwabo. Duk wanda ya ce ka kawo "na shigar da fayil", ka gaishe shi ka wuce.

A nan ne za ka gane wane ne shugaba, wane ne mai riƙe da kujera kawai. Na zauna da iri biyu. Akwai wanda zai tarbe ka da fara'a, ya kira ka Babana, ya ce "ka bar mini komai", ya sa a ba ka kuɗin mota a ambulan. Bai buɗe takardar ba. Kuɗin motar nan ba kyauta ba ce, murfi ne, an rufe maganar ke nan. Akwai kuma wanda zai ɓata maka rai da tambayoyi: wa ya ce ramin na tarayya ne, ina shaidar mutuwar yaran, su wane ne ba su sa hannu ba kuma me ya sa. Wannan na biyun ka riƙe shi, don mai shirin tashi ya yi magana a gaban mutum 359 ne kaɗai ke tsoron a kunyata shi. Wanda ya ɗauki tamu daga ƙarshe ya san akwatinmu bai ba shi ƙuri'a ba, ya faɗa mana haka a fuska, sannan ya ce a kawo. Ni a wurina ma'aunin ke nan: mutum ya ɗauki kukan waɗanda ba su zaɓe shi ba, a kan laifin da ba a zamaninsa aka yi ba, kuma ya yarda a rubuta sunansa a kai.

Ka taimake shi da abokan tafiya. Wakilai takwas a cikin 360 ba sa ɗaga komai su kaɗai. Amma Inugu tana da tsofaffin ramukan kwal, kuma ba ta manta da lebura 21 da 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe a mahaƙar Iva a ranar 18 ga Nuwamba 1949 ba. Zamfara ta ga yadda gubar dalma ta kashe yara a 2010. Ogoni tana da rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 a kan ƙasarta da mai ya ɓata. Idan ka nuna wa ɗan majalisarka cewa ciwonku yana da 'yan'uwa a wasu shiyyoyi, ka ba shi waɗanda za su tashi su mara masa baya.

Lokaci kuma a kiyaye. Zaman zaure Talata, Laraba da Alhamis ne. Daga ƙarshen Yuli zuwa cikin Satumba suna dogon hutu. Mun taɓa cika mota ƙirar bas a watan Agusta, muka tashi da asuba, muka sha cunkoson Mararaba da Nyanya, muka isa muka tarar ba kowa sai masu gadi. Laifina ne, ban tambaya ba. Shekarar da za a shiga zaɓe ma kada ka sa rai, hankalinsu yana wajen fidda gwani. Lokacin da ya fi shi ne shekarar farko da ta biyu ta sabuwar majalisa. Kuma kada ku tafi da yawa. Taron jama'a a ƙofar shiga harabar majalisa, wadda ake kira ƙofar Mopol, yake tsayawa, a fito a yi musu jawabi, a ɗauki hoto, a watse. Mutum uku da katin shaida, waɗanda ofishin ɗan majalisa ya aika sunansu ƙofa, su ne ke shiga ciki.

Ranar da aka gabatar da koke, abin bai fi minti biyu ba. Ɗan majalisa zai tashi, ya faɗi daga wa takardar ta fito da abin da ta ƙunsa, a ba shi izini ya ajiye ta, shugaban zama ya miƙa ta ga kwamiti. Kada ka koma gida ka yanka rago. Ka nemi kwafin takardar bayanin zaman ranar, inda aka rubuta cewa an karɓa an miƙa. Sannan ka nemi ofishin akawun kwamitin. 'Yan majalisa suna zuwa suna tafiya, akawu ma'aikaci ne, shi ke tsara ranakun zama, shi ke aika takardun gayyata. Ka san shi, ka gaishe shi da mutunci, ka bar lambar waya biyu, ka riƙa leƙawa ba tare da ka zama ƙarfen ƙafa ba. Ni duk sati uku nake kira.

Ranar sauraro ita ce taku. Namu an ɗage shi sau biyu, don hukumar da aka gayyata ta fara da ƙin zuwa, sannan ta aiko ƙaramin ma'aikaci da bai san komai ba, shugaban kwamiti ya mayar da shi ya ce shugabansu ya zo da kansa. Ku sa wannan a lissafin kuɗin mota. A karo na uku muka shiga wani ɗaki mai sanyin na'ura, dogon tebur, 'yan majalisa bakwai ko takwas, wasu suna shiga suna fita, ga wasu masu koke fiye da goma suna jiran layi. Minti goma aka ba mu. Na yi biyar ina karanta roƙo, muryata tana rawa. Sai muka ba wata tsohuwa da muke kira Ngo, wadda jikanta ya nutse yana dawowa daga makaranta. Ba ta jin Turanci. Ta kwance bakin zaninta ta fito da silifa ɗaya, shuɗiya, ƙarama, ta ajiye a kan teburin. Ta ce da Hausa, "Ranka ya daɗe, wannan muka samu a bakin ruwa. Ɗayar tana ciki." Wani ɗan majalisa daga Arewa ya ajiye wayarsa ya fassara wa sauran. Shugaban ya ce, "Mama, zauna, mun ji." Daraktan da aka aiko ya fara bayanin cewa kamfanin ya daɗe da rushewa, sai aka tambaye shi ko hukumarsa ma ta rushe.

Abin da za ka ɗauka a nan: mutum biyu su yi magana, ɗaya mai takarda, ɗaya wanda abin ya taɓa jikinsa. Ku gwada a gida da agogo. Ku zo da kwafi goma sha biyar. Kada ku katse jami'in gwamnati ko yana shirga ƙarya, ku rubuta, za a ba ku dama. Lauya yana da amfani amma ba dole ba ne. Ɗan jarida ɗaya da kuka sanar tun da wuri ya fi motar 'yan rakiya.

Bayan haka kwamiti zai rubuta rahoto, a kai zaure, a amince da shawarwarinsa, ya zama matsayar majalisa. Nan mutane da yawa suke shan mamaki, don matsaya ba doka ba ce. Shawara ce mai nauyi, ɓangaren zartarwa yana iya jan ƙafa a kanta. Kuma ƙasar nan ta iya binne rahoto. Kwamitin Mai Shari'a Oputa, wanda Obasanjo ya kafa a 1999 don binciken take haƙƙin ɗan Adam a zamanin soja, ya karɓi koke sama da 10,000, ya miƙa rahoto a 2002, gwamnati ba ta taɓa fitar da shi a hukumance ba, sai ƙungiyoyin farar hula ne suka wallafa shi a 2005. Mu mutanen Jos ba sai an ba mu labari ba: kwamitocin binciken rikicin garinmu, na Fiberesima a 1994, na Niki Tobi bayan 2001, na Bola Ajibola bayan 2008. Saboda haka ka karɓi kwafin matsayarku mai hatimi, ka kai wa hukumar da hannunka, a buga maka "an karɓa". In an yi wata uku shiru, ka rubuta wa kwamitin da ke bin diddigin aiwatar da matsayar majalisa, kowane zaure yana da shi.

Inda maganar take zama gaskiya shi ne kasafin kuɗi. Wajen ƙarshen shekara shugaban ƙasa yake gabatar da shi, sannan kowace ma'aikata ta zo gaban kwamitinta ta kare nata. A wannan 'yan makonni ne matsayarku take da haƙori, don shugaban hukumar da ya yi biris da ku yanzu shi ke neman sa hannun majalisa. Ka tunatar da ɗan majalisarka tun Satumba. Abin da kake nema layi ɗaya ne mai sunan garinku da adadin kuɗi. Idan ya fito, ka san cewa sawa daban, sakin kuɗin daban, sai ka ci gaba da bi.

Wani zai ce, me zai hana a nemi doka gaba ɗaya? Ana yi, idan ciwon ya fi ƙarfin gari ɗaya. Ƙudirin doka yana bin karatu na ɗaya, na biyu, kwamiti da jin ra'ayin jama'a, karatu na uku, sannan ɗaya zauren ya amince, shugaban ƙasa ya sa hannu cikin kwana 30. In ya ƙi, kashi biyu bisa uku na kowane zaure suna iya tabbatar da ita, kamar yadda aka yi wa dokar Hukumar Raya Yankin Neja Delta a 2000. Amma ka dubi tsawon hanyar. An gama madatsar Kainji a 1968, dokar hukumar kula da al'ummomin da madatsun wutar lantarki suka shafa ba ta samu ba sai 2010, kuma ta yi kusan shekara goma a takarda kafin ta fara aiki. Zaɓen 12 ga Yuni na 1993 sai a 2018 Buhari ya karrama Abiola, majalisa ta gyara dokar ranakun hutu aka sa hannu a 2019. Gbagyi da Gade da Gwandara da Koro da sauran 'yan asalin Abuja, waɗanda aka mayar da ƙasarsu babban birni da dokar soja ta 1976, sanata ɗaya da wakilai biyu gare su, ba gwamna ba majalisar jiha, kuma sai a 2023 aka naɗa ɗansu minista. Duk lokacin da na bi ta gefen Sakatariyar Tarayya zuwa majalisa nakan tuna cewa ƙasar da nake takawa ma tana da nata koken.

Ga tarkon da ya kama mu: wa'adin majalisa shekara huɗu ne, kuma duk abin da ba a kammala ba yana mutuwa da ita. Kokenmu na farko haka ya tafi, yana hannun kwamiti wa'adi ya ƙare, sai da muka sake daga tushe. Majalisa ta goma an rantsar da ita a ranar 13 ga Yuni 2023, ka ƙirga da kanka ka ga sauran nawa. Don haka kowace takarda kwafi uku: ɗaya a wurin sakatare, ɗaya a wurin shugaba, ɗaya a hoto cikin wayar wani matashi. Kuma kwamitinku ya kasance da matasa tun yanzu, don maganar tana iya fin ku tsawon rai.

Kuɗin tafiya ku tara shi a fili. Mu littafi muke da shi, ma'ajinmu tana karanta shiga da fita duk ƙarshen wata a gaban kowa, har kuɗin ruwan leda. Kwamitoci da yawa ba Abuja ce ta kashe su ba, zargin "sakatare ya ci" ne. Kada kuma ku bari ɗan takara ya ɗauki nauyinku, ranar da ya faɗi kokenku ya faɗi tare da shi.

Inda muke yanzu: an katange gefen da ke kallon makaranta da waya da ginshiƙan siminti, taku ɗari da ashirin, na auna da ƙafata. Cikon ramin ba a fara ba, gefe uku suna nan a buɗe. Dattijon nan namu Da ya rasu bara, ɗansa ne ya karɓi shugabanci. Kawuna ya dawo yana amsa gaisuwa, amma duk haɗuwa sai ya tambaye ni maganar diyya, ni kuma in ce tana shafi na tara na abin da muka liƙa, da sunan kakana a ciki. Fayil ɗin yana kan kabad, na sake masa bango. Da zarar sun dawo hutu zan kira akawu, in ya ce in zo, motar ƙarfe biyar na asuba zan bi.